Ra'ayinmu: A Kai Ɗaliban Injiniya Kasuwar Gwangwan

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa ɗauko kaya daga Sabha ta ƙasar Libiya, ya ratso Gatrun da Dirku da Agadas har zuwa Damagaram ko Maraɗi, ya san cewa a wannan hanya ba a zubar da ƙarfe. A Tayuri, unguwar talakawa da Buzaye da Tubawa suka fi yawa a cikinta, kamar yadda yake a Ƙofar Ruwa ta Kano da Fanteka ta Kaduna, mota ba ta mutuwa gaba ɗaya. Injinta ya shiga wata, tayarta ta zama guga ko takalmi, dalmarta ta koma tukunya.

Wannan dabara ta gyara da sake sarrafa kaya ita ce yanzu jami'o'in Turai ke koya wa ɗaliban injiniya, domin rage hayaƙin da ke ɗumama duniya. Narka tsohuwar dalma, alal misali, bai cin fiye da kimanin kashi 5 cikin 100 na wutar da ake buƙata wajen yin sabuwa. Nijeriya ma ta yi alkawari a taron Gilasgo na 2021 cewa kafin 2060 hayaƙin da take fitarwa ba zai wuce wanda take iya shafewa ba. To, wa zai cika wannan alkawari in ba injiniyoyin da ake yayewa yau ba?

Sai dai akwai gyara a ɓangarorin biyu. Bakaniken kasuwa yana da hannu, amma sau da yawa bai san gubar da yake shaƙa ba. Tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, yara 18 suka rasu a Caroy da ke wajen Dakar ta Senigal, sanadiyyar gubar darma daga fasa tsofaffin baturan mota a cikin gidaje. Ga shi kuwa baturan sola sun cika Jibiya da Illela da Maigatari da Ƙwanni, kuma kowannensu yana da ranar mutuwa. Shi kuma ɗalibi ya san guba da lissafi a takarda, amma akan yaye shi bai taɓa kwance firiji ba.

Saboda haka wannan jarida tana kira ga Jami'ar Sabha, da ta Ahmadu Bello da ke Zariya, da ta Bayero, da ta Ɗan Dikko Ɗanƙulodo da ke Maraɗi, da su sanya gyara da sake sarrafa kaya cikin darussan dole, su kuma tura ɗalibai yin aikinsu na shekarar ƙarshe a rumfunan makanikai da maƙera.

Ku ma 'yan kasuwa da naku aikin. Ƙungiyoyinku su buɗe wa ɗaliban nan ƙofa, su ware wurin tara matattun batura nesa da rumfunan abinci, su kuma nemi a riƙa gwada kayan gwanjo kafin a yi lodi. Wanda ya biya kuɗin mota da na kwastan a kan janaretan da ba ya gyaruwa, shara ya sayo da jarinsa. Hannu ɗaya dai ba ya ɗaukar jinka. Allah Ya sa masu ruwa da tsaki su ji, su kuma aikata.