Kama da Wane Ba Ta Wane: A Daina Yanke wa Kare Hukunci da Ido

A Sakajiki, kamar sauran garuruwan Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, shari'ar karen da ya fara dalalar da yawu ba ta ɗaukar lokaci. Wani ya ce ya haukace, samari su fito da gora, kafin la'asar an jefa gawarsa a rami. Jama'a na kiran wannan taka-tsantsan. Ni sakaci nake kiransa, kuma wanda ya fi cutuwa da shi shi ne yaron da karen ya ciza.

Tsoron yana da tushe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe kimanin mutum 59,000 duk shekara, kuma da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, da wuya ya tashi. Sai dai ba duk karen da ya kasa cin abinci ne mahaukaci ba.

Akwai cututtukan tsoka da ba a cika gani ba, masu ɗaukar kamar hauka. A ɗaya daga cikinsu, garkuwar jikin kare ce ke juyowa ta afka wa tsokar muƙamuƙinsa kaɗai. Bakin ya ƙi buɗuwa, yawu ya riƙa zuba, daga baya gefen kansa ya lotsa. A wata kuma, wadda likitoci ke kira mayasiteniya, saƙon jijiya ne ke kasa isa tsoka: karen farauta ya yi ɗan gudu ya zube, ya huta ya miƙe, abinci kuma ya riƙa dawo masa. Duka biyun ba sa yaɗuwa zuwa mutum, kuma suna da magani.

Rarrabe su aikin likitan dabbobi ne. Zai auna sinadaran da tsoka ke saki cikin jini idan ta lalace, ko ya yanki ɗan ƙanƙanin nama a duba. Gwajin da ya fi tabbatar da ciwon muƙamuƙi an samar da shi ne a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego a Amurka, kuma na yarda ya yi wa mafarauci nisa. Amma akwai gwajin da ba ya cin ko kwabo, wato lokaci. Karen da haukan gaske ya kama ba ya wuce kwana 10 da fara nuna alamu. Wanda ya yi wata guda yana fama da muƙamuƙi, wani abu ne daban ke damunsa.

Na san abin da za a ce: a yankin da 'yan bindiga suka hana noma, wa ke ta kare? Amsata ita ce maganar ta mutane ce. Idan aka kashe kare aka binne, an binne shaidar da za ta nuna ko wanda aka ciza yana cikin haɗari. Daga nan iyali ko su sayar da akuya su biya allurai cikin zullumi, ko su koma ga tofi da sassaƙe su rungumi ƙaddara. Ga shi Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, wadda ke aiki tun 1924, tana gano ciwon daga ƙwaƙwalwar karen, sannan akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a jami'o'in Sakkwato da Zariya.

Saboda haka, kada kowa ya sa hannu a bakin kare marar lafiya. Wanda aka ciza a wanke ciwon da ruwa da sabulu na minti 15, a kai shi asibiti a fara allura ba tare da jiran sakamako ba. Karen kuma a killace shi kwana 10. In ya zama dole a kashe shi, kada a fasa kan, a kira ma'aikacin dabbobi ya ɗauka.

Duniya ta sa 2030 a matsayin shekarar da cizon kare zai daina kashe mutane. Gwamnatin Zamfara ta gaya mana: idan yau aka kashe kare a Sakajiki, wa zai kai kansa Vom, kuma wa zai biya kuɗin mota?