Farin Jini Ba Laifi Ba Ne: Darasi Daga Stephen King

'Yan'uwa marubuta, akwai wata cuta da ta daɗe tana damun wasu manazarta: da zarar littafi ya samu kasuwa, sai su yanke hukunci cewa ba adabi ba ne. Mu dai muna ganin wannan son zuciya ne, kuma tarihin Stephen King na Amurka ya ishe mu hujja.

An haifi King a 1947 a jihar Maine. Ya yi ƙwadago a kamfanin wanki, ya koyar da Turanci a sakandare, yana rubutu da dare. Littafinsa na farko da aka buga, wato Carrie, ya fito a 1974, bayan matarsa ta tsinto shafukansa na farko daga kwandon shara. Dala 2,500 aka fara ba shi, daga baya aka sayi haƙƙin bugun mai arha a kan dala 400,000. Ya zuwa yau ya rubuta littattafai fiye da 60, yawancinsu na ban tsoro.

To, a 2003 da Gidauniyar Littattafai ta Amurka ta karrama shi, sai Farfesa Harold Bloom na Jami'ar Yale ya ce an zubar da mutuncin adabi. Shin mene ne laifin King? Talakawa suna rububin littattafansa, shi ke nan! Mu da muka sha gorin “adabin kasuwar Kano” a shekarun 1990 mun san wannan waƙa. Amma hassada ga mai rabo taki ce: a 2015 Shugaba Obama ya rataya masa lambar yabo ta ƙasa kan fasaha.

Sai dai kada sabon marubuci ya fake da wannan ya yi lalaci. A littafinsa On Writing na 2000, King ya bayyana cewa kalma 2,000 yake rubutawa kullum, kuma idan ya zo bita yakan zaftare kashi 10 cikin 100. Mu nawa ne ke sake duba rubutunmu kafin mu ruga maɗaba'a?

Kiranmu biyu ne. Manazarta su karanta littafi kafin su yanke masa hukunci, domin yawan masu saye ba ya rage darajarsa. Mu kuma marubuta mu tace aikinmu, don kada mu miƙa wa masu suka sandar dukanmu. Allah ya sa mu gyara.