Lafiyar Iyali: Kada Mu Zaunar da Tsofaffinmu

A gidajenmu, in Iya ta ɗauki taɓarya ko tsintsiya, nan da nan sai wani ya ce, "Haba Iya, kawo, zauna ki huta." Ladabi ne, da zuciya ɗaya kuma muke yinsa. Amma bari mu duba abin da yawan zama yake yi wa jikin tsoho.

Tun daga shekara 30 tsokar mutum takan soma raguwa, wajen kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari kowace shekara goma. Bayan shekara 60 abin yakan ƙara sauri. Cinya ta motse, hannu ya kasa riƙo, tashi daga tabarma ya zama aiki. Daga nan sai faɗuwa, in kuwa ƙashin ƙugu ya karye, da yawa ba su sāke tafiya da kansu. Zama da kwanciya su ne ke hanzarta wannan. An gwada an gani, tsoho mai lafiya in ya yi kwana 10 a gado yakan rasa kusan kilo 1 na naman ƙafafunsa.

Amma ƙarfi yana komowa, ko an tsufa tukuf. A 1990 likitoci a Boston ta Amurka suka ba da labarin tsofaffi 10, masu shekara 86 zuwa 96, waɗanda aka sa su ɗaga nauyi da ƙafa sau 3 a mako. Bayan mako 8, su 9 da suka kai ƙarshe, ƙarfin ƙafarsu ya ninka fiye da biyu.

Mu ma muna iya yi a gida. Tsoho ya zauna a kujera ya tashi sau 10, in ya yiwu ba da dafawa ba. Ya dafa bango ya yi ɗage. Ya ɗaga bokiti mai rabin ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi irin wannan aƙalla kwana 2 a mako, a haɗa da tafiya ko wani motsi na minti 150.

Sai abinci. Don haƙora sun zube, sau da yawa kunu da tuwo kaɗai mukan ba su. Waɗannan suna ƙosarwa, amma ba su isa gina tsoka ba. Tsoho mai nauyin kilo 60 yana bukatar furotin, wato abinci mai gina jiki, wajen giram 60 zuwa 72 kowace rana. Ƙwai ɗaya yana da giram 6. Ga alale, ƙosai, awara, nono, kunun gyaɗa, kifi da dakakken nama, duka masu taushi. A raba su safe, rana da dare. Mai ciwon ƙoda ko na zuciya ya fara ganin likita tukuna.

'Yan'uwa, mu bar wa iyayenmu aikin da suke iyawa, mu tsaya kusa da su suna yi. Lafiya uwar jiki. Sai wata mai zuwa.