Ra'ayinmu: Wayar ƙwai biyu ba ta ɗaukar firigo uku

Duk wanda ya zaga kasuwannin Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai zai ga yadda shaguna suka cika da kayan kuran. Shagon da a da ƙwan fitila biyu da fanka ɗaya suka ishe shi, yau ga firigo, ga injin ƙanƙara, ga talabijin, ga wayoyin salula ashirin suna caji, maƙwabci tela kuma ya jona dutsen guga. Muna murna da wannan, alamar kasuwa na tafiya ce. Amma ɗan allon wutar nan da ke bayan ƙofa, da wayoyin da ke cikin bango, suna nan yadda mai gyara ya bar su shekara ashirin ko talatin da suka wuce.

Ku ƴan kasuwa ne, don haka mu yi lissafi. Kuran ɗin da kamfanin Nigelec ke ba mu bolt 220 ne. Kwantar mai amfer 5 ba ta wuce wat 1.100, mai amfer 10 kuma wat 2.200. Dutsen guga ɗaya yakan ci kusan wat 1.000, butar dafa ruwa ta kuran ta fi haka. Firigo ba shi da ci sosai, amma duk sa'ad da injinsa zai tashi yakan fizgi ninkin abin da ya saba ci har sau uku ko fiye. In aka haɗa su kan siririyar waya guda, sai ta yi zafi, robarta ta bushe ta tsage, wata rana wayoyi biyu su taɓa juna.

Abin da ke tsare mu daga wannan shi ne dijontar, wato makunnin nan da ke faɗuwa da kansa in kaya sun yi yawa. Faɗuwarsa gargaɗi ne. To amma me muke yi? Sai a kira yaro ya ɗaure shi, ko ya tsallake shi da guntuwar waya, ko a sa babba alhali wayar bango tana nan siririya. Daga ranar ba abin da zai sake faɗuwa, mai shago ya ce an gyara. Wannan kashe mai gadi ne don ya cika tada mutane daga barci.

Ba mu ce kowace gobara kuran ne ya haddasa ta ba, amma mun san abin da wuta ke yi wa kasuwa. Babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982, sai a 1987 aka buɗe sabuwa. Wuta ta sake cin ta a 2009, ƙaramar kasuwa kuma ta ƙone a 2012. In wuta ta tashi ba ta tambayar shagon wa ke da kwantar. Iya mai tumatir da Hajiya mai atamfa ƴan turame, waɗanda ko ƙwan fitila ba su da shi, su ne ke wayar gari ba jari, ga kuɗin adashi na jiransu. Babban ɗan kasuwa yana da wani sito a gida, su kuwa ba su da shi.

Gyaran ba sihiri ba ne. A kira ƙwararren mai gyaran kuran ya ƙidaya kayan da ke shagon, ya faɗi ƙarfin da ake buƙata. In kwantar ta yi kaɗan, a je ofishin Nigelec a nemi ƙari, domin kwantar tasu ce, ba a sa mata hannu. A allon kuma a raba hanya: fitilu da tasu da waya mai kaurin 1,5, wuraren jona kaya da waya 2,5, firigo da na'urar sanyaya ɗaki kowanne da tasa hanyar da nasa dijontar. A sa mai katse wuta in ta fara zurara, wanda aka rubuta 30 mA a jikinsa, a kuma kafa wayar ƙasa, saboda ƴarinyar da ke ɗebo ƙanƙara da lemun hari da jiƙaƙƙen hannu, ƙafa ba takalmi. A guji waya mai araha, wadda jan ƙarfen cikinta bai kai kaurin da aka rubuta ba. Ƴan uwanmu masu sayar da ita sun san wadda muke nufi.

Saura tambayar da ke hana ruwa gudu: wa zai biya? Mai shago ya ce ɗan haya ne ya kawo firigo, ɗan haya ya ce bango ba nasa ba ne. A ganinmu allo da wayar bango na mai gini ne. In ɗan haya ya fitar da kuɗin, a rubuta, a riƙa cirewa cikin haya a gaban shaidu.

Magadan gari da hukumomin kasuwa da ke karɓar kuɗin rumfa kullum, su ma da nasu. Su sa a bi layi layi a duba wayoyin da aka ja daga shago zuwa shago a kan kwano, kafin bazara, lokacin da kowane injin ke aiki ba hutu. Shugabannin ƴan kasuwa kuma su sa doka: wanda zai rufe shago da yamma ya sauke dijontar na duk abin da ba firigo ba, domin kuran ɗin da aka ɗauke da la'asar yakan dawo da tsakar dare, ya tarar da dutsen guga a jone.