Ƙaramar jif ta alfarma da hanyar Ƙaura Namoda: Lissafin da dillali ba ya yi wa mai saye

A wuraren sayar da motoci na Kano da Abuja, har ma da Gusau, akwai wani nau'in mota da ya daɗe yana ɗaukar hankalin 'yan kasuwa da manyan ma'aikata: ƙaramar jif ta alfarma mai ƙarfin gudu. Mercedes-Benz GLK 350 da magajiyarta GLC, da BMW X3, da Audi Q5, da Lexus NX, da Porsche Macan duk 'yan gida ɗaya ne. Dillalai na tallata su da cewa sun haɗa daɗin ƙaramar mota da jarumtar jif. Ga mutumin da asalinsa Kurya Madaro ne ko Shinkafi ko Zurmi, wanda harkarsa ke birni amma iyayensa ke gida, wannan alƙawari na buƙatar a auna shi da kyau kafin a zuba jari.

Abu na farko shi ne ƙirarta. Land Cruiser da Prado da Hilux an ɗora jikinsu ne a kan ƙashin ƙarfe mai zaman kansa, irin na motocin ɗaukar kaya, shi ya sa suke jure duka. Waɗannan kuwa jiki da ƙashi a haɗe suke kamar na ƙaramar mota, an dai ɗaga su sama kaɗan. Lexus RX ce ta buɗe wannan kasuwa a 1998, GLK ta biyo baya a 2008, Macan ta fito a 2014 a kan ginshiƙin Audi Q5, sannan GLC ta maye gurbin GLK a 2015. Masu ƙarfin cikinsu, irin su GLC 43 ta AMG da Macan Turbo, kan kai gudun kilomita 100 a awa cikin ƙasa da daƙiƙa 5. Don a samu wannan gudu sai aka sa musu manyan wili da tayoyi marasa kauri, aka ƙara wa shokozoba tauri, da yawa kuma ba sa zuwa da cikakkiyar safaya. A kan manyan titunan Jamus wannan tsari ne mai ma'ana. A kan hanyar da damina ta ci gefenta, rami ɗaya ya isa ya fasa taya ya lanƙwasa wili, kuma irin wannan taya ba a kowane gari mai faci ke ajiye ta ba.

Sai batun kuɗi, wanda ya sauya fuska gaba ɗaya tun 2023. Kafin Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu na shekarar, litar fetur ba ta kai naira 200 a farashin gwamnati ba. Zuwa ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000 a wurare da dama. Tankin GLK 350 na ɗaukar lita 66, tana kuma shan kusan lita 12 a kowane kilomita 100 cikin gari. A farashin naira 1,000, cika tanki sau ɗaya ya kusa cinye mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a Yulin 2024. Dala kuma, wadda take wajen naira 460 a farashin hukuma kafin a saki naira a Yunin 2023, ta zarce 1,500 a shekarar da ta biyo baya. Da ita ake sayo motar, da ita kwastam ke lissafin kuɗin fito, da ita ake shigo da kowane ƙaramin kayan gyara. Injunan turbo ma an ƙera su ne da tunanin fetur mai daraja ta sama, alhali gidajen man ƙasar nan iri ɗaya suke sayarwa, balle kuma wanda ya dogara da galan ɗin 'yan bumburutu.

Tsofaffin ma'aikata za su tuna zamanin Peugeot 504 da ake haɗawa a Kaduna tun 1975, motar da kowane bakanike ke iya kwance injinta a ƙarƙashin bishiya. Jif ɗin yau kwamfuta ce mai taya huɗu. In wata na'ura ta yi gardama a Shinkafi, sai a nemi mai na'urar bincike daga Gusau ko Kano, ko a ɗora ta a kan wata motar.

Amma babban lissafin da ya bambanta arewacin Zamfara da sauran wurare shi ne tsaro. Ƙaura Namoda, inda layin dogo ya tsaya tun zamanin Turawa, da kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis, da hanyar Zurmi zuwa Jibiya, su ne jijiyoyin cinikin wannan yanki, kuma duk sun ɗanɗana ukubar 'yan bindiga. Kurya Madaro kanta ta sha hare-hare. A Satumbar 2021 lamarin ya kai gwamnatin Bello Matawalle ta dakatar da kasuwannin mako, ta taƙaita sayar da fetur, aka kuma katse layukan waya a faɗin jihar. A wurin da garkuwa da mutane ta zama sana'a, masu kai wa ɓarayin daji rahoto kuma suna cikin gari, mota mai sheƙi sanarwa ce ta abin da iyalin mai ita za su iya biya. Wasu na ganin gudunta kariya ce. Gudu ba ya amfani a inda aka gindaya itace a kan hanya, kuma jikinta bai fi na kowace ƙaramar mota tare harsashi ba. Ba abin mamaki ba ne in mai irin wannan mota ya ajiye ta a Gusau, ya sauya riga, ya shiga motar haya don zuwa ta'aziyya ko ɗaurin aure a garinsu.

Wannan bai sa motar ta zama maras amfani ba. Ga wanda zirga-zirgarsa ta tsaya tsakanin Abuja da Kaduna da Kano, tana da birki mai kyau, da jakunkunan iska masu kare rai, da zama mai daɗi, tsayinta kuma na taimako a titunan unguwa da ruwa ke kwanciya. A cikin jerin, Lexus ta fi sauƙin riƙo saboda dangantakarta da Toyota, wadda kayanta suka cika kasuwa. Matsalar ita ce ɗan kasuwar da ya cire kuɗin daga jarinsa, ko ma'aikacin da ya ci bashi don a gan shi, ya ɗaure dukiya a abin da ke cin kuɗi kullum ba ya haihuwa.

Wanda ya riga ya yanke shawara, akwai abubuwa biyu da bai kamata ya bar wa amanar dillali ba. Yawancin waɗannan motoci na hannu ne daga Amurka, ciki har da waɗanda kamfanonin inshora suka yi gwanjonsu bayan haɗari ko ambaliya, kuma lambar jikin mota mai haruffa da alƙaluma 17 na nuna wannan tarihi ga wanda ya bincika ta intanet. Na biyu takardar kwastam: tun Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, don haka motar da ta biyo ta Kwatano ko Maraɗi da takardun da ba su inganta ba na iya ƙarewa a hannun jami'ai a shingen farko da aka tsayar da ita.