Maganin Yara Ba Ya Son Kirdado

Kusan ko wace unguwa a ƙasar nan, in an sayo wa yaro magani, ba a kan buɗe shi ba sai mai karatun boko ya duba. A kan aika gidan malamin makaranta, ko kuwa a tare akawu yana dawowa daga ofis, a miƙa masa kwalba a ce, "Malam, duba mana yadda za a ba shi." Wannan amana ce mai nauyi, mun kuwa ga ya wajaba mu yi magana a kanta, don yawancin masu karanta wannan jarida su ne a ke miƙa wa kwalbar. Maganarmu ta fi ƙarfi a kan magungunan nan da likitoci ke kira antibayotik, watau masu kashe ƙwayoyin cuta irin na bakteriya.

Duniya ba ta daɗe da samun wannan ni'ima ba. A shekarar 1928 ne wani likita mutumin Sikotlan, Alexander Fleming, ya gano fenisilin a London, ba a kuwa sami yinsa da yawa ba sai cikin Yaƙin Duniya na Biyu. Amma tun a 1945, sa'ad da a ke ba shi lambar girma ta Nobel, shi da bakinsa ya yi gargaɗi cewa wanda ya sha maganin ƙasa da ƙima bai kashe ƙwayoyin ba, sai dai ya koya musu jure shi.

Abin da ya kamata mai karatu ya fara sani shi ne, ba ko wace cuta ce wannan magani ke yi wa aiki ba. Mura, da yawancin tarin da yara ke yi da hunturu, da ƙyanda, duk wata irin ƙwaya ce dabam ke kawo su, wadda a ke kira bairos, antibayotik kuwa ba ya taɓa ta. Zazzaɓin cizon sauro da maganinsa dabam. Zawo ma, wanda iyaye suka fi ruga wa kemis a kansa, yawancinsa ba abin da ya ke bukata sai ruwan gishiri da sukari na fakiti, da ƙwayar zink ta kwana 10 zuwa 14. Sai in an ga jini a bayan gida, ko ana zaton kwalara, sa'an nan likita zai duba batun antibayotik.

Akwai kuma inda jinkirta shi ke kisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 limoniya, watau ciwon haƙarƙari, ta kashe yara fiye da 740,000 waɗanda ba su kai shekara 5 ba. Alamarta ba ta da wuyar ganewa ga mai agogo. In yaro yana tari, a ƙirga numfashinsa na minti ɗaya yana kwance lafiya lau ba ya kuka. Ɗan wata 2 zuwa 11 in ya kai 50, ko ɗan shekara 1 zuwa 5 in ya kai 40, ko kuwa aka ga ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa in ya ja numfashi, to, ba zancen jira ba ne, a kai shi asibiti a ranar.

To, in likita ya duba ya rubuta magani, a nan ne aikin mai karatu ya ke. Ba a raba wa yaro maganin babba da kirdado, a ce tun da shi ƙarami ne a ba shi rabi. Da nauyin jikinsa a ke auna masa, shi ya sa a ke ɗora shi a kan sikeli, yara biyu sa'o'in juna kuwa ya yiwu rabonsu ya bambanta. Ɗauki amoksisilin, wanda shi a ka fi ba yara don limoniya. Na ruwa ya kan zo gari ne a kwalba. Sai a tafasa ruwa, a bar shi ya huce, a zuba daidai zanen da ke jikin kwalbar, a girgiza, a kuma sake girgizawa duk sa'ad da za a ba shi. Kwalbar kuma iri biyu ce a kasuwa: wata miligiram 125 cikin ko wace mililita 5, wata 250. Ga ido kusan ɗaya su ke, amma wanda ya musanya su ya ninka maganin ke nan, ko ya rage rabi. Kada a auna da cokalin shayi na gida, don cokula ba girmansu ɗaya ba. A yi amfani da ma'aunin da ya zo da maganin, ko sirinji marar allura. In an ce sau uku a rana, ana nufin a raba dare da yini uku, wajen awa takwas takwas, ba a haɗa su duka tsakanin hantsi da la'asar ba. Wanda aka dama kuwa ba ya daɗewa: mako ɗaya ne ko biyu, gwargwadon abin da takardar ta faɗa, daga nan sai zubarwa.

Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne al'adar nan ta tsayar da magani ran da jikin yaro ya yi sanyi, a ɗaga sauran a kan kwabet don ƙanensa. Mun san tsada ce ke sa haka, ba mu kuwa raina wahalar mai iyali ba. Amma kwanakin da likita ya yanka su ne ƙa'ida, ƙanen kuma ba a san cutarsa ba tukuna, balle nauyinsa.

Waɗansu magungunan ma ba na yara ba ne sam sai da dalili mai ƙarfi. Kafson nan ja da rawaya, tetrasaikilin, da a kan fasa a zuba wa yaro a koko, yana ɓata launin haƙoran wanda bai kai shekara 8 ba, ɓacin kuwa ba ya gogewa. Haka nan ɗiga wa jariri sabon haihuwa antibayotik wai don tsari, ba shi da asali a likitanci. Mutanenmu kuma har gobe suna ganin allura ta fi ƙwaya ƙarfi, alhali allurar da wanda bai ƙware ba ya soka a ɗuwawun yaro tana iya taɓa jijiya ta bar shi da ɗingishi.

Gargaɗin Fleming ya tabbata. Wani babban bincike da aka buga a 2022 ya nuna cewa a 2019 mutum wajen miliyan 1.27 suka mutu a duniya sabo da ƙwayoyin da suka daina jin magani, kusan ɗaya cikin biyar yara ne 'yan ƙasa da shekara 5, Afirka ta Yamma kuwa ita ce kan gaba in an gwada da yawan jama'a. Hukuma na da nata alhakin, don muddin a na tallan kafso a faranti cikin rana a kasuwa da tasha, wa'azi kaɗai ba zai isa ba.

Roƙonmu ga malamai da akawuna shi ne, in an miƙo kwalba, su duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, su tambayi wanda ya rubuta maganin. In aka ce mai kanti ne ya zaɓa, su mai da iyayen asibiti, kada kunya ta sa su yanka awo daga kansu. Su kuma faɗa wa iyaye ƙarara cewa in yaro ya sha magani ƙuraje suka feso masa, ko fuska ko leɓe ya kumbura, ko numfashi ya sarƙe, a tsayar nan take a garzaya asibiti, a tafi da kwalbar don likita ya ga abin da aka ba shi. Haka kuma in ya kwana biyu yana sha ba sauƙi, ko ya kasa shan nono, ko yana amayar da duk abin da ya shiga bakinsa.