Mai Kemis Na Lungu Ya Cancanci Horo A Nima Da Mamobi

A unguwannin Nima da Mamobi na Accra, in zazzaɓi ya kama yaro da daddare, uwarsa kemis ɗin bakin lungu take fara nufa. Wannan ɗabi'a tsohuwa ce. Tun kafin a buɗe asibitin Korle Bu a 1923, mutanen zangon Accra wanzami ke yi musu kaciya da ƙaho, malam ya ba da rubutu, mai saiwa ya haɗa jiƙo. Magani kullum a hannun maƙwabci yake. Da aka shigo da tsarin biya kafin a duba ka a asibitocin gwamnati, talaka ya ƙara maƙale wa mai kemis, wanda ya san gidansa, yake jin harshensa, har ya ba shi bashi. Inshorar lafiya ta 2003 ta rage nauyin kuɗi, amma ba ta rage layin Babban Asibitin Mamobi ba, kuma ɗan kasuwa ba zai bar rumfa wuni guda saboda ciwon kai ba.

Saboda haka ya kamata hukuma ta ɗauki mai kemis a matsayin matakin farko na kiwon lafiya. Wata doka ta 2013 ta riga ta ɗora wa Majalisar Harhaɗa Magunguna ba shi lasisi na sayar da ƙananan magunguna. Abin da ya rage shi ne horo na dindindin: gwajin maleriya kafin ba da ƙwaya, gane alamun hawan jini da ciwon suga, da takardar tura mara lafiya asibiti. Asusun Raya Zango da aka kafa a 2017 zai iya ɗaukar nauyin wannan.

Za a ce ai ta wasu shagunan ne tramadol ya shiga hannun matasa, kuma ana sayar da maganin kashe ƙwayoyin cuta barkatai. Gaskiya ne, kuma wanda aka kama a ƙwace lasisinsa. Amma rufe shago ba ya kawar da ciwo. Mai saye zai koma wajen mai talla a tashar mota, wanda ba shi da adireshi balle mai sa ido. Gana ta taɓa warware irin wannan: wata doka ta 2000 ta tanadi yi wa masu maganin gargajiya rajista, wata cibiyar bincike a Mampong kuma tana gwada tsirran magani tun 1975. In an iya shigar da mai saiwa cikin tsari, mai kemis da ke da lasisi ya fi sauƙi.